Baƙon da Ya Zo da Littafi: Don Me Jami'a Za Ta Buɗe Masa Ƙofa?



Duk lokacin da aka yi shela a majami'unmu cewa za a tara gudummawa domin 'yan gudun hijira, mun san abin da ake kawowa gaban bagade: buhun masara, kwanon wake, sabulu, tabarma, da tufafin da suka yi wa yaranmu kaɗan. Wannan daidai ne, Allah kuma ya saka wa masu bayarwa da alheri. Amma a cikin taron mutanen da yaƙi ya kora akwai waɗanda ba kasafai muke tunawa da su ba, domin abin da suka rasa ba ya nunawa a jiki. Akwai saurayin da shekara ɗaya ta rage masa ya gama karatun likita. Akwai budurwar da ta ci jarrabawar shiga jami'a mako biyu kafin a ƙone garinsu. Akwai kuma malamin da ya yi shekara 20 yana koyar da lissafi, yau ga shi tsaye a layin karɓar hatsi, ba wanda ya san abin da ke cikin kansa.

Mun ɗan ɗanɗana wannan a shekarar 2023. Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, aka rufe jami'o'i. Ɗaliban Nijeriya da ke can, da yawansu 'ya'yan Arewa, aka kwashe su a motoci zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a cikin rairayi kafin jirgi ya dawo da su. Sun sha wuya ƙwarai, amma suna da gidan komawa, suna kuma da jami'o'in ƙasarsu da za su nemi shiga. Abokan karatunsu 'yan Sudan fa, da malaman da suka koyar da su? Waɗansu suka ƙetare zuwa Chadi, waɗansu Masar, waɗansu Sudan ta Kudu, inda ba wanda ke binsu bashin kujera a aji. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum 1 ne kawai cikin 100 na matasan 'yan gudun hijira ke karatu gaba da sakandare. A 2023 adadin ya kai 7 cikin 100, alhali a duniya baki ɗaya ya haura 40. Burin hukumar shi ne a kai 15 cikin 100 a shekarar 2030.

Tambayar da ke gabanmu ita ce: shin wajibi ne a kan jami'a ta buɗe wa irin wannan baƙo ƙofa, ta ba ɗalibi kujera, ta ba malami aji da albashi? In wajibi ne, a kan wane dalili?

Masu cewa a'a ba miyagun mutane ba ne, ya kamata mu saurare su da natsuwa. Na farko zai ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuɗin da zai riƙe ɗalibi ɗaya shekara huɗu a jami'a zai ciyar da iyalai da dama a sansani, zai sayi maganin zazzaɓi ga yara masu yawa. Na biyu zai ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Shi uba ne wanda ɗansa ya rubuta jarrabawar JAMB sau uku, ya ci, bai sami gurbi ba. In ya ji an ware kujeru goma domin baƙi, ya san cewa ɗaya daga cikinsu ta ɗansa ce aka ɗauka. Wanda ya yi wa wannan uba wa'azin karɓar baƙi ba tare da ya amsa cewa akwai hasara ta gaske a kansa ba, bai faɗa masa gaskiya ba.

Amsar da aka fi bayarwa ga waɗannan mutane biyu ita ce amsar riba, kuma tarihi yana goyon bayanta. A ranar 7 ga Afrilu 1933 gwamnatin Hitila ta kafa dokar da ta kori Yahudawa da masu adawa da ita daga aikin gwamnati a Jamus. Da yake jami'o'in ƙasar na gwamnati ne, ɗaruruwan malamai suka wayi gari ba su da aiki. William Beveridge, shugaban wata babbar makarantar tattalin arziki ta Landan, yana Biyana lokacin da ya ga sunayen waɗanda aka kora a jarida. Da ya koma gida ya tara abokan aikinsa, suka kafa ƙungiyar taimakon malaman da aka kora, masanin kimiyya Ernest Rutherford ya zama shugabanta. Malamai suka riƙa yanko wani abu daga albashinsu. A watan Oktoba na wannan shekara Albert Einstein, wanda shi ma gudun hijira yake yi, ya yi jawabi a wani babban taro a Landan domin tara mata kuɗi. Ƙungiyar tana nan har yau da sunan Cara. Daga cikin waɗanda ta taimaka, mutum 16 suka sami lambar yabo ta Nobel daga baya. Turkiyya ma ta ga dama ta ɗauka. A 1933 ɗin tana sake fasalin Jami'ar Istanbul, tana neman malamai, sai wani likita da aka kora daga Frankfurt, Philipp Schwartz, ya kawo mata sunaye. A zama ɗaya aka amince da mutum wajen 30, waɗansu suka biyo baya, suka kafa sassan likitanci da shari'a da kimiyya. Abin da Jamus ta zubar, waɗansu suka tsince.

Wannan labari yana da daɗin faɗi, shi ya sa ake yawan maimaita shi. Amma mu Kirista ya kamata mu yi hankali da shi, domin mun taɓa karanta irinsa a Littafi Mai Tsarki. A sura ta fari ta Littafin Daniyel, Sarki Nebukadnezzar ya buɗe makaranta a Babila domin samarin Yahuza da aka kwaso. Ya ba su karatu na shekara uku, ya ba su abinci daga teburinsa. Sai dai ya kafa sharaɗi: a zaɓo 'ya'yan sarauta da na manya, marasa lahani a jiki, masu kyan gani, masu saurin fahimta, waɗanda za su iya yin hidima a fada. Har sunayensu aka sauya. Ba wanda zai karanta wannan ya ce sarkin Babila mai jinƙai ne. Don tuwon gobe ya wanke tukunya. Sauran 'yan bauta, gurgu da ɗan talaka da wanda shekarunsa suka wuce, ba su shiga lissafinsa ba.

Haka ya faru kuma a ƙarni na 20. A birnin New York an kafa wani kwamitin gaggawa a 1933 domin nema wa malaman da aka kora wuri a jami'o'in Amurka. Mutum wajen 6,000 suka nemi taimakonsa, ya tallafa wa 335. Ba mu faɗi wannan don mu raina aikinsa ba, kuɗinsa kaɗan ne, kuma kowane ɗaya cikin 335 ɗin rai ne da iyali. Amma mu dubi ma'aunin da aka yi amfani da shi. Jami'o'i suna son wanda ya riga ya yi suna, wanda bai tsufa ainun ba, wanda fanninsa ke da kasuwa. Mata ba su cika samun shiga ba. Dokar shige da fice ta Amurka ta 1924 ta ba malamin jami'a biza ta musamman, muddin ya koyar a shekaru biyun da suka gabaci roƙonsa. To, wanda aka kora a 1933, ya zo neman biza a 1938, a ina zai ce ya koyar? Korar da aka yi masa ita ce ta zama dalilin ƙinsa. Bizar kuma ta ƙunshi matarsa da 'ya'yansa waɗanda ba su kai shekara 18 ba, banda sauran. Marc Bloch, babban masanin tarihi na Faransa, Bayahude, wanda ya yi wa ƙasarsa yaƙi sau biyu, ya sami gayyata daga wata makaranta a New York bayan Jamusawa sun mamaye Faransa a 1940. Yana da tsohuwar uwa da 'ya'yan da suka girma. Bai yarda ya tafi ya bar su ba. Ya zauna, ya shiga cikin masu yi wa mamayar turjiya a ɓoye, aka kama shi, aka azabtar da shi, aka harbe shi kusa da Liyon ranar 16 ga Yuni 1944. In ma'aunin riba ya kasa ceton Bloch, wanda duniyar ilimi ta sani, ina ga ƙaramin malami da bai wallafa komai ba?

Matsalar amsar riba ke nan. Tana sa a tambayi baƙo abin da zai kawo mana kafin a ba shi wurin zama. Tana kuma da wani rauni: ranar da lissafi ya nuna babu riba, ƙofa za ta rufe, kuma ba wanda zai ji ya yi laifi. Yarinyar da ta fito daga Darfur tana son karatun ungozoma ba za ta kawo wa kowa lambar Nobel ba. In wannan ne dalilinmu, ba mu da abin da za mu faɗa mata.

Dalilin da muke ganin zai tsaya da ƙafafunsa yana cikin abin da mutum yake. Allah ya halicce mu da hankali, ya kuma ba mu aikin yi tun kafin faɗuwar Adamu. Uba Mai Tsarki Yohanna Bulus na Biyu ya koyar, a wasiƙarsa ta 1981 a kan aikin ɗan adam, cewa darajar aiki tana fitowa ne da farko daga mutumin da ke yinsa, kafin a zo ga abin da aikin ya samar. In haka ne, wanda ya raba manomi da gonarsa ya ƙwace masa fiye da hatsi, wanda kuma ya raba malami da ajinsa ya ƙwace masa fiye da albashi. Azzalumai sun san wannan sarai. Shi ya sa sukan fara da makarantu, su ƙone littattafai, su kori malamai, tun kafin su kai ga kashe mutane. Suna so su mai da wanda suke ƙi ya zama baki kawai mai neman abinci. In muka ba shi hatsi muka tsaya nan shekara da shekaru, mun raya jikinsa, amma mun bar hukuncin da azzalumi ya yanke masa yana aiki. Jami'ar da ta ce masa "zo ka ci gaba daga inda ka tsaya" ta soke wannan hukunci. Kuma jami'a ce kaɗai ke da ikon soke shi, domin ita ke riƙe da abin da aka ƙwace. Hukumar agaji tana iya ba da tanti, likita yana iya ba da magani, amma aji da laburare da takardar digiri suna hannun jami'a. Wanda abu ke hannunsa shi kaɗai, a kansa nauyin yake.

Akwai wani ɗan labari daga Istanbul da muke so ƙwarai, ko da yake ƙarami ne. Erich Auerbach, masanin adabi da aka kora daga Jami'ar Marburg, ya isa can a 1936. Ya sami aiki da albashi, amma littattafan da yake bukata domin bincikensa babu su a jami'ar. Wakilin Fafaroma a birnin a lokacin shi ne Monsinyo Angelo Roncalli. Shi ya buɗe wa wannan Bayahude hanya zuwa ɗakin littattafan 'yan Dominikan a gidansu na Galata, inda aka ajiye jerin rubuce-rubucen Iyayen Ikilisiya na dā. Auerbach ya yi amfani da su, a Istanbul kuma ya rubuta babban littafinsa mai suna Mimesis, wanda aka buga a 1946. Roncalli ya taimaki Yahudawa masu yawa su tsira da rayukansu a shekarun yaƙin, amma bai ga cewa mabuɗin laburare ƙaramin abu ne da za a bari sai an gama ceton rayuka ba. Shi ne ya zama Fafaroma Yohanna na 23 a 1958.

Abin lura kuma, ba kullum masu arziki ne suka fi buɗe ƙofa ba. A kudancin Amurka, inda dokar wariyar launin fata take aiki a lokacin, kwalejojin baƙar fata, waɗanda su kansu da ƙyar suke biyan albashi, sun ɗauki malamai Yahudawa da dama da manyan jami'o'i ba su kula da su ba. Ernst Borinski, lauya daga Jamus, ya soma koyarwa a Kwalejin Tougaloo ta jihar Misisipi a 1947. Ya riƙa shirya taruka inda baƙi da farare suke zama a teburi ɗaya, abin da al'adar jihar ta haramta. Waɗanda suka san zafin a hana mutum kujera saboda asalinsa ba su bukaci dogon bayani ba.

Sai mu koma ga masu ƙin nan biyu. Ga mai cewa abinci ne farko: gaskiyarsa, a makon fari da watan fari. Amma gudun hijira ba ya ƙarewa a watan fari. An buɗe sansanin Kakuma a Kenya a 1992, waɗanda aka haifa a cikinsa sun haifi nasu 'ya'yan a can. An buɗe Minawao a arewacin Kamaru a 2013 domin 'yan'uwanmu da suka tsere daga Borno, jaririn da aka goya zuwa can ya isa shiga sakandare. Yaron da ya ga yayansa ya gama aji shida na sakandare ya koma zaman banza a gindin bishiya, me zai sa shi ya jure wa karatu? Kuma wa zai koyar a makarantun sansanin, wa zai duba marasa lafiya, in ba a horar da kowa ba? Ƙungiyar Jesuit mai hidimar 'yan gudun hijira, wadda Fada Pedro Arrupe ya kafa a 1980, ta gane wannan daga zama da mutanen. A 2010 aka soma ba da darussan jami'a ta intanet a Kakuma da sansanin Dzaleka na Malawi, tare da Jami'ar Regis ta Amurka. Gwamnatin Jamus kuwa, wadda ƙasarta ta kori malamai a 1933, ta soma ba 'yan gudun hijira tallafin karatun jami'a tun 1992, ta sa wa shirin sunan Einstein.

Ga uban da ɗansa ke jiran gurbi, maganarmu ta fi wuya, ba za mu yi kamar mai sauƙi ce ba. Kujerar da aka ba baƙo, an hana wani. Abu biyu kawai za mu ce. Na ɗaya, sau da yawa abin da ke tare ɗan gudun hijira ba ƙarancin kujera ba ne. Takardunsa sun ƙone, makarantar da za ta tabbatar da su ta zama kufai, ko kuwa ana neman ya biya kuɗin makaranta na baƙi kamar ɗan attajirin da ya zo da son ransa. Yarjejeniyar 1951 a kan 'yan gudun hijira, a sashe na 22, ta ambaci waɗannan abubuwa: amincewa da takardun shaida, sassauta kuɗin makaranta, da tallafin karatu. Jami'a tana iya yi wa wanda ba shi da takarda jarrabawa ta musamman, tana iya karɓar kuɗin ɗan ƙasa daga hannunsa, ba tare da ta taɓa rabon kowa ba. Na biyu, inda hasarar ta tabbata, bai kamata a jibga ta a kan talaka ɗaya ba. A raba ta, a ƙara kujeru da kuɗin da jama'a suka tara. Ƙasarmu ta taɓa yin haka. Bayan kisan ɗalibai a Soweto a watan Yuni 1976, Nijeriya ta kafa asusun taimakon kudancin Afirka, ma'aikatan gwamnati suka ba da kashi 2 cikin 100 na albashinsu, ɗaliban Afirka ta Kudu suka zo suka yi karatu a makarantunmu. A lokacin ma akwai 'ya'yanmu da ba su sami gurbi ba. Tun kafin wannan, a 1957, marubuci Ezekiel Mphahlele, wanda aka hana koyarwa a Afirka ta Kudu domin ya yi adawa da tsarin ilimin da aka ƙaƙaba wa baƙar fata, ya zo Legas ya koyar, daga baya ya yi aiki da Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Mu ma mun ci moriyar ƙofar wasu: da Wole Soyinka ya tsere daga ƙasar nan a 1994, Jami'ar Emory ta Amurka ta ba shi kujera.

Duk da haka zaɓe ba zai gushe ba. Ko wane dalili muka tsaya a kai, masu nema za su fi kujeru yawa, kwamiti zai zauna da takardu ɗari ya ɗauki biyar. Abin da ke sauyawa shi ne tambayar da kwamitin zai yi. Mai bin ma'aunin Babila zai tambaya wane ne zai ƙara wa jami'armu suna. Mai bin ma'aunin da muka kawo zai tambaya wane ne ba shi da wata ƙofa sai wannan, wane ne zai rasa karatunsa har abada in aka bar shi wata shekara, wace ce aka tsallake saboda mace ce ko saboda tana da goyo. Zai kuma tambayi wanda ya ɗauka ko akwai uwa da 'ya'ya a bayansa, don kada a maimaita abin da aka yi wa Bloch.

Saura damuwa ɗaya da wasu dattawa kan kawo, cewa in aka ɗauke masu ilimi daga cikin jama'ar da aka kora, an kwashe mata kitsen, kuma ba za su dawo ba. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa karatu a ƙasar maƙwabta ko a cikin sansanin kansa ya fi kusa da amfanin jama'ar fiye da tikitin jirgi zuwa Turai. Amma ba ma ganin daidai ne a sa wa mutum sharaɗin komawa inda aka nemi ransa, ba kuma wanda ya san ranar da ƙasa za ta gyaru. Mphahlele ya yi shekara 20 a waje, ya koma gida a 1977 tun mulkin wariya bai faɗi ba, daga baya ya kafa sashen adabin Afirka a Jami'ar Witwatersrand da ke Johannesburg. Auerbach bai koma zama a Jamus ba, ya wuce Amurka a 1947, can ya rasu bayan shekara 10. Borinski kuwa ya zauna a Tougaloo shekara 36 yana koyar da jikokin bayi, har mutuwarsa a 1983.